Dilar Auduga da Shafin Intanet: Wa ke Biya wa Iska Kuɗin Mota?

Duk wanda ya saba bin hanyar Funtuwa ko Malumfashi ko Gusau bayan ɗaukewar ruwa ya san motar auduga tun daga nesa. Buhuna sun yi tozo har sun wuce bodi, an ɗaɗɗaure su da igiya ta kowane gefe, mota tana tafe tana rangaji. Amma in ka kai idonka ƙasa sai ka ga tayoyin ko gezau, ba su lotsa irin na motar siminti ko ta masara ba. Wuri ne ya cika, nauyi bai cika ba. Audugar da aka tsinko daga gona a sake take, iska ta cika tsakanin silinta, ga kuma angurya maƙale a ciki. Shi kuwa direba ba ruwansa da abin da ke cikin buhu, kuɗin sawu yake karɓa. Ɗan kasuwar da ya yi doguwar tafiya da irin wannan lodi, kaso mai tsoka na kuɗin motar da ya biya, iska ya biya wa.

Wannan lissafi ne ya sa aka gina gidajen gurza kusa da gonaki maimakon kusa da masaƙa. Bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, kamfanin BCGA na Turawan Ingila, wanda aka kafa a 1902 don samo wa masaƙun ƙasarsu auduga, ya yi ta kafa injinan gurza a garuruwa irin su Zariya da Funtuwa da Gusau. Aiki biyu ake yi a gidan gurza. Na farko a raba auduga da anguryarta, kuma in an gurza, kimanin kashi ɗaya cikin uku na nauyin ne ke saura, ko fiye da haka kaɗan. Na biyu a zuba gurzajjiyar a injin matsi, a danne ta har iskar ta fice, a ɗaure tamau, ta fito dila mai kusurwa huɗu wadda in ka buga mata hannu sai ka ji tauri. In ta isa masaƙa a yanke ɗaurin, a shiɓe ta, ta sake tashi yadda take, ko sili ɗaya bai salwanta ba.

Shafin intanet ma lodi ne. Duk sanda ka taɓa wani adireshi a wayarka, akwai wata kwamfuta da ake kira sabar, watakila a Legas take, watakila a Landan ko wani gari na Amurka, wadda za ta harhaɗo kayan shafin ta turo maka. Akwai fayil ɗin HTML mai ɗauke da rubutun da tsarinsa, da na CSS mai kula da launi da ado, da na JavaScript mai sa maɓallai su yi aiki, sannan hotuna da salon haruffa. Ana auna su da bait: bait dubu shi ne kilobait, kilobait dubu shi ne megabait, wato MB ɗin nan da muke lissafi da shi kullum. Masu shirin HTTP Archive, waɗanda ke auna miliyoyin shafuka a kai a kai, sun nuna cewa matsakaicin shafi a waya ya kai megabait 2 har ya ɗan haura, hotuna ne kan gaba wajen nauyi, JavaScript na biye. Ke nan gigabait ɗaya da ka saya bai wuce buɗe irin waɗannan shafuka 500 ba.

Akwai bambanci guda tsakanin harkokin biyu, kuma shi ne tushen matsalar. A harkar auduga mai kaya ne ke biyan kuɗin mota, don haka ba ya mantawa da gurza, ba ya mantawa da matsi. A intanet kuwa wanda ya yi lodin daban, wanda ke biyan mafi tsadar dakon daban. Mai shafi yana biyan nasa ga kamfanin da ya ba shi masauki, amma a farashin sari, sau da yawa ma kuɗin wata ne tsayayye ko kayan sun yi yawa ko sun yi kaɗan. Mai karatu ne ke saye a farashin ɗai-ɗai, da datar naira ɗari biyu ko ɗari biyar, kuma tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025, kowane megabait ya ƙara daraja a aljihun talaka. In shafin na masu talla ne, abin sai ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mu fara da gurza. Mai rubuta JavaScript ko CSS mutum ne, don haka yana rubutu yadda shi da abokan aikinsa za su gane. Yana barin fili tsakanin layuka, yana shigar da wasu layukan ciki don ido ya bi tsarin, yana rubuta bayani a gefe cewa wannan sashe shi ke duba lambar waya, yana ba abubuwa dogayen sunaye. Burauza, wato manhajar da ke buɗe shafi a wayarka, ba ta buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. In mai rubutu ya kira wani abu adadinMasuZiyara, aka mayar da sunan ya koma a kawai a duk inda ya fito, aikin ba zai canza ba. Akwai manhajoji na kyauta irin su Terser da esbuild da ke wannan tsince-tsince cikin ƙiftawar ido. Misali na zahiri shi ne jQuery, wani kundin JavaScript da John Resig ya fitar a 2006, wanda har yau mafi yawan shafukan duniya ke amfani da shi. Cikakken fayil ɗinsa na zubi na 3 ya kai kimanin kilobait 280. In an gurza shi sai ya dawo kimanin 87. Kusan kashi ɗaya cikin uku ke nan, daidai da lissafin gidan gurza.

Sai dai angurya ba shara ba ce. Ita ce irin baɗi, ana kuma tatsar mai a cikinta, a ba dabbobi tunkuzar. Haka bayanan da aka cire daga fayil: mai shafi ya adana cikakken na asali a wurinsa, domin da shi zai yi gyara gobe. Gurzajjen ne kawai ake ɗora wa mota. Wanda ya gurza ya jefar da na asali ya sayar da irinsa, ranar da aka ce a canza wani abu zai zauna gaban layi ɗaya mai tsawon gaske wanda ba ya karantuwa.

Sai matsi, wanda shi ne abin mamakin. Ina iska take a cikin rubutu? Tana cikin maimaici. Ɗauki wannan gaisuwa: sannu da aiki, sannu da rana, sannu da ƙoƙari. Kalmomin "sannu da" tare da filin da ke bayan kowace sun ci gurbi 9, kuma sau uku suka fito. Injin matsi zai rubuta su cikakku a karon farko. Da ya zo na biyu sai ya ajiye 'yar alama mai cewa: koma baya gurbi 15, kwafo 9. A na uku ma haka. Wanda zai warware yana bin alamun nan ɗaya bayan ɗaya, gaisuwar ta dawo cif yadda aka rubuta ta, ba ragi ba ƙari. A gajeriyar jimla ribar kaɗan ce. Amma ka duba shafin farko na jarida mai kanun labarai arba'in, kowane kanu an naɗe shi da alamomin HTML iri ɗaya sak, masu cewa nan ne farkon labari, nan hoto, nan kwanan wata, nan sunan marubuci. Abin da ke canzawa 'yan kalmomi ne, sauran duk maimaici ne. Shi ya sa irin waɗannan fayiloli kan ragu da kashi 70 cikin 100, wani lokaci fiye.

Wannan dabara ta komawa baya a kwafo, Abraham Lempel da Jacob Ziv ne suka wallafa ta a 1977, shi ya sa ake ce mata LZ77. Akwai ta biyu da ta girme ta, wadda David Huffman ya fitar a 1952 daga aikin da ya yi yana ɗalibi a jami'ar MIT ta Amurka. A rubutun da ba a matse ba, harafin a da harafin z wuri ɗaya suke ci, alhali a Hausa da wuya ka rubuta kalma uku ba ka sa a ba, z kuwa sai jefi-jefi. Huffman ya ce a ba wanda ya fi yawan fitowa gajeriyar alama, a bar doguwa ga wanda ba ya cika zuwa. Phil Katz, mai manhajar PKZIP da ta haifi fayilolin zip, ya haɗa dabarun biyu wuri ɗaya ya kira haɗin DEFLATE. A kansa Jean-loup Gailly da Mark Adler suka gina gzip a 1992, suka sake shi kyauta. In aka sa gurzajjen jQuery mai kilobait 87 a gzip, kimanin 30 ke fitowa. Daga 280 zuwa 30. In mutum 10,000 suka buɗe shafin, gigabait 2.8 ne zai bi hanya a kan wannan fayil kaɗai in an bar shi a sake, in an gurza an matse kuwa bai wuce kashi uku cikin goma na gigabait ɗaya ba.

A nan kwatancen ya ɗan gaza, kuma gazawar riba ce gare mu. Injin matsin auduga wuri yake ragewa, nauyi yana nan. A intanet ma'auni ɗaya ne, yawan bait, shi ne wurin kuma shi ne nauyin. Duk abin da aka matse ya fita daga lissafin kuɗi gaba ɗaya.

Ba a aika wa masaƙa dilar da ba ta da abin kwance ta. Saboda haka kafin a turo komai, burauza ce ke fara magana. A cikin buƙatar da take aikawa akwai layi mai suna Accept-Encoding, inda take jera irin ɗaurin da ta iya warwarewa: gzip, deflate, br, zstd. Sabar ta duba wanda ita ma ta iya, ta matse, ta manna shaida a jikin kayan da layin Content-Encoding, ta turo. Wayarka ta warware kafin ka ankara. Wannan yarjejeniya tana cikin ƙa'idar HTTP, wadda burauza da sabar ke magana da ita, tun shekarun 1990, kuma babu wata burauza ta zamani, ko Chrome ko Firefox ko Safari ko Opera, da ba ta iya gzip ba. Wato ɓangaren mai karatu a shirye yake tuntuni. Kullum wayarsa tana cewa a turo a matse. In kaya sun zo a sake, sabar ce ta yi kunnen ƙashi.

Wancan br da ke cikin jerin shi ne Brotli, wanda injiniyoyin Google biyu, Jyrki Alakuijala da Zoltán Szabadka, suka ƙirƙiro a 2013 don matse salon haruffa, aka faɗaɗa shi zuwa sauran fayiloli a 2015. Ya fi gzip ta fuska biyu. Gzip ba ya iya waiwaye fiye da kilobait 32 a baya, in maimaicin ya yi nisa fiye da haka ya wuce shi, Brotli kuwa yana iya hangen har megabait 16. Sannan Brotli yana tafe da ƙamus nasa mai kimanin kilobait 120, ɗauke da kalmomi da guntayen jimloli fiye da 13,000 waɗanda sabar da burauza duk sun riga sun haddace, don haka ko a fitowar farko ba sai an rubuta su ba, nuni kawai za a yi. A fayilolin shafi yakan ƙara rage kimanin kashi 15 zuwa 20 cikin 100 a kan abin da gzip ya yi. Kalmomin ƙamus ɗin an tsamo su ne daga Ingilishi da Sifaniyanci da Sinanci da Hindi da Rashanci da Larabci, tare da alamomin HTML da JavaScript. Babu Hausa a ciki. Duk da haka shafin Hausa yana cin riba, domin alamomin HTML ɗaya ne a ko'ina, kuma rubutunmu cike yake da su da, ya, ta, cikin, wanda, waɗanda dabarar komawa baya ke kwashewa nan take. Sharaɗin Brotli guda ne: burauzoji ba sa karɓarsa sai ta hanyar HTTPS mai kulle, takardar kullen kuwa Let's Encrypt na bayar da ita kyauta. Shi kuma zstd, wato Zstandard, Yann Collet ne ya fitar da shi a Facebook a 2016, an san shi da sauri, kuma Chrome ta fara karɓarsa a 2024.

Matsi yana da ƙarfi hawa-hawa, kuma kowane hawa da kuɗinsa. Gzip yana da mataki 1 zuwa 9, Brotli 0 zuwa 11. Dannawar farko ce ke fitar da mafi yawan iskar, ta ƙarshe kuwa injin zai yi ta gurnani a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Don haka masu aikin suka raba kaya gida biyu. Fayilolin da ba sa canzawa, irin su CSS da JavaScript, a matse su sau ɗaya a mataki mafi ƙarfi, a jera a sito, duk wanda ya zo a miƙa masa. Shafin da ake haɗawa nan take ga kowane mutum, kamar sakamakon jarrabawa ko bayanin asusu, a ba shi matsakaicin mataki, kada lokacin da aka ɓata wajen matsi ya cinye wanda za a samu a hanya.

Akwai kuma kayan da ba a mayarwa injin. Dilar da aka riga aka ɗaure, ko ka sake danne ta babu iskar da za ta fita, sai asarar wuta. Hoton JPEG da PNG, da waƙar MP3, da bidiyon MP4, da fayil ɗin zip, duk a matse suke tun asali. Haka fayil ɗin da bai wuce 'yan kalmomi ba, wani lokaci igiyar ɗaurin ta fi kayan nauyi.

To in hotuna ne suka fi nauyi, kuma gzip ba ya taɓa su, yaya za a yi? Maganin hoto ya fi kusa da gurza, domin abin da aka cire ba ya dawowa. JPEG, wanda aka tsayar da ƙa'idarsa a 1992, yana zubar da ƙananan bambance-bambancen launi da idon mutum ba ya kamawa. Duk mai WhatsApp ya san wannan a aikace: hoton da aka turo kai tsaye yana sauka da wuri amma in ka buɗa shi sosai sai ya dushe, wanda aka turo a matsayin takarda kuwa yana zuwa garau amma ya ci data. Babban kuskuren shafukanmu bai ma kai ga zaɓen ƙa'ida ba. Wakili ya ɗauki hoton taro da waya mai megafiksel 12, faɗi ɗigo 4,000 tsawo 3,000, nauyinsa megabait 3 ko 4, a ɗora shi yadda yake. A fuskar wayar mai karatu hoton bai fi faɗin yatsu huɗu ba, amma sai ta sauke shi dukansa kafin ta ƙanƙance shi. Da an rage faɗin zuwa 1,200, yawan ɗigon ba zai kai kashi ɗaya cikin goma na farko ba, kuma ba wanda zai ga bambanci. Bayan nan sai a zo ga WebP, wanda Google ta fitar a 2010 ta kuma ce yana ƙasa da JPEG da kashi 25 zuwa 34 cikin 100 a inganci ɗaya, ko AVIF na 2019 da yakan fi shi matsewa. A nan ma a adana hoton asali, domin JPEG ɗin da aka yi ta buɗewa ana gyarawa ana sake ajiyewa yana lalacewa a kowane zagaye.

'Yar'uwar wannan matsala ita ce sanarwar da aka buga a takarda, aka sa hannu, aka ɗauki hoton kowane shafi, aka haɗa PDF mai megabait goma sha wani abu, aka ce ɗalibai ko masu neman aiki su sauke su duba sunansu. Sunaye dubu a rubuce a HTML, an matse su, ba za su kai nauyin hoto ɗaya daga cikin waɗancan ba, ga shi kuma mutum zai iya neman sunansa da maɓallin bincike maimakon ya yi ta jan hoto yana ƙyafta ido.

Ban da kuɗi akwai lokaci. Sabar ba ta juye kaya gaba ɗaya a kan sabuwar hanya, tana fara gwada ta ne da ƙaramin lodi na kimanin kilobait 14. In waya ta amsa cewa ya iso, ta ninka zuwa 28, sannan 56, sannan 112. Fayil mai kilobait 280 sai ya yi sawu biyar, mai 87 sawu uku, mai 30 sawu biyu. Ga wanda ke zaune a gari ɗaya da sabar, sawu ba komai ba ne. Ga mai waya a Katsina ko Maraɗi, wanda saƙonsa zai gangara bakin teku ya bi wayoyin ƙarƙashin ruwa irin su MainOne da WACS da Equiano zuwa Turai ya dawo, kowane sawu na iya cin kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, ya fi haka in sabis ya yi rauni. Nijar da Chadi ma ba su da teku, sai sun ratsa ƙasashen maƙwabta kafin su kai ga waɗannan wayoyi. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyi huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, kowa ya ga yadda intanet ke zama in hanya ta ƙuntata. A irin wannan rana ƙaramin kaya ne ke wucewa.

Mutanenmu sun daɗe da gano daɗin matsi, ko da ba su san sunansa ba. Farin jinin da Opera Mini ya yi a Najeriya tun zamanin ƙananan wayoyin Nokia daga nan ya samo asali. Manhajar, wadda kamfanin Opera na ƙasar Norwe ya fitar a 2005, ba ta zuwa shafi kai tsaye, kwamfutocin kamfanin ne ke karɓo shi, su gurza, su matse, su rage hotuna, sannan su turo, kuma kamfanin ya ce ragin kan kai kashi 90 cikin 100. Gidan gurza ne a tsakiyar hanya. Facebook Lite na 2015 ma don masu ƙaramar waya da raunin sabis aka yi shi. Amma dogaro da ɗan tsakiya yana da iyaka. Matsanancin matsin Opera Mini yakan karya shafukan da ke da fom ko biyan kuɗi. Google ta rufe nata tsarin rage data na Chrome a 2022. Kamfanin layi kuma ba shi da ikon buɗe kayan da aka kulle da HTTPS balle ya matse su. Aikin ya dawo inda ya kamata tun farko, hannun mai shafi.

Me ya sa ake sakaci da abin da ba a saye da kuɗi? Saboda wanda ya gina shafin a ofis ya gwada shi, da babbar kwamfuta da intanet mai ƙarfi, ya buɗe nan take, kowa ya yi tafi. In koke ya zo daga baya, shugaba ya kira shi ya ce, "Malam, mutane na cewa shafin nan ba ya buɗewa," amsar a shirye take: "Ranka ya daɗe, matsalar netiwok ce, a nan lafiya lau yake buɗewa." Wani lokaci gaskiya ne. Sau da yawa kuwa netiwok ɗin da ake zargi yana ɗauko wasu shafukan ba tare da gardama ba.

Binciken ba shi da wuya. A Chrome ta kwamfuta a danna F12, a shiga sashen Network, a sake buɗe shafin. A nan ana iya duba nauyin kowane fayil da ya bi hanya da nauyinsa bayan an warware. In lambobin biyu ɗaya ne a fayil ɗin HTML ko CSS ko JavaScript, ba a matse ba. Wanda ba ya son wannan ya saka adireshin a PageSpeed Insights na Google, kyauta ne, zai lissafo fayilolin da hotunan da ke da ƙiba. Gyaran ma 'yan layuka ne. A sabar Apache a kunna mod_deflate ko mod_brotli. A nginx a rubuta gzip on, amma a kula da tarko guda: in an tsaya nan HTML kaɗai zai matse, sai an jera CSS da JavaScript da sauransu a layin gzip_types. Masu WordPress suna da ƙananan manhajojin da ke gurza fayiloli su rage hotuna, kuma kamfanoni irin su Cloudflare suna matse wa shafin da ya bi ta wurinsu ko a tsarin kyauta.

Hattara biyu. A 2013 masu bincike sun nuna wani hari mai suna BREACH, inda ɓarawo ke iya hasashen lambar sirri da ke cikin shafi ta hanyar lura da yadda girman matsattsen shafin ke canzawa. Wannan ya shafi shafukan da ke haɗa sirri da abin da baƙo ya rubuta, irin na banki da na shiga asusu, kuma akwai hanyoyin kariya da ƙwararru suka sani, ba dalili ba ne na barin shafin labarai a sake. Ta biyu ta fi shafar kowa: dila in an kwance ta komawa take girmanta. JavaScript mai kilobait 300 a hanya na iya zama megabait guda a cikin waya, kuma ƙaramar waya sai ta karanta shi duka kafin maɓalli ya motsa. Matsi ba ya wanke mai shafin da ya tara tarkacen da ba a buƙata, su hotuna masu yawo a saman shafi da bidiyo mai kunna kansa da salon haruffa kala biyar. Abin da ba shi da amfani a sauke shi tun kafin a zo ga injin.

Kirana ga shugabannin makarantu da editocin jaridu da jami'an hukumomi da 'yan kasuwa masu shafi shi ne, ba sai kun iya rubuta layi ɗaya na kwamfuta ba. Ku kira wanda ke kula muku da shafin ku yi masa tambaya uku: an kunna gzip ko Brotli a kan dukkan fayilolin rubutu? An gurza CSS da JavaScript? Ana rage hotuna kafin a ɗora? Sannan ku ajiye intanet ɗin ofis, ku ari ƙaramar waya irin ta masu gadi da 'yan aike, ku sa mata datar naira ɗari biyu daga aljihunku, ku buɗe shafin, ku duba abin da ya rage. Aikin gyaran bai wuce na yini guda ba, manhajojin duk kyauta ne, kuma kowane mutum da zai buɗe shafinku daga ranar zai biya ƙasa da abin da yake biya yau.